Ƙarfe Ɗaya Ba Ya Amo: Kwana Tara a Maƙerun Adar

Ni ba ɗan maƙera ba ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fatauci ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, ni kuwa alli na riƙe, ina koyarwa a Maraɗi. Amma tun ina yaro, in aka aike ni kasuwa aka ji shiru, to a bakin maƙera za a same ni tsugune, ina kallon yadda baƙin ƙarfe ke shiga wuta ya fito jawur, a lanƙwasa shi yadda aka ga dama. Girma ya zo, son bai tafi ba. Shekara uku ke nan da na kafa 'yar rumfa a bayan gida, na kafe guntun ƙarfen layin dogo a kan kututture, na sayi guduma da awartaki, ina ƙwanƙwasawa ranakun hutu.

Na ƙera ƙusa, na ƙera ƙugiya, har da 'yar fartanyar da uwargida ke gyaran shukarta da ita. Wuƙa ce ta gagare ni. Sau biyar ina ƙera ta da sifirin na mota, ta fito gwanin sha'awa, da na tsoma ta a ruwa sai in ji ƙyas, ta tsage. Wani abokin aikina mutumin Buza ya ga abin ya dame ni, ya ce: "Malam, matambayi ba ya ɓata. Tafi ƙasarmu, maƙera na nan." Na ce masa ai ƙira gado ce, wane ɗan gado zai buɗe wa ɗan haye cikinsa? Ya ce in je tukuna, gani ya kori ji. Da hutun ƙarshen watan Maris ya zo, na naɗe wuƙa ta biyar a tsumma, gida biyu, na jefa a jaka na nufi tasha.

Mota ta bi babbar hanyar da ta haɗa Damagaram da Yamai, muka wuce Tibiri da Gidan Rumji, rana na take tsaka muka sauka Madawa. Hanci ke fara sanar da baƙo cewa ya iso. Lokacin cirar albasa ne a kwarin Tarka, buhuna jibge a bakin hanya, leburori na loda wa manyan motocin da za su gangara Abijan da Akara da Kwatano. Jar albasar nan ce da duniya ta sani da sunan Galmi. A gefe guda kuma ga tabarmin kaba mai zane, wanda sunan Madawa ke tafiya da shi har ƙasashen maƙwabta. Ban tsaya taya ko ɗaya ba, kunnena na bi. Amon masaba a kan uwar maƙera ba ya ɓoyuwa, shi ya ja ni har wata rumfar zana a gefen kasuwa.

Na yi sallama, na ce musu sannunku da aiki. Mutum huɗu ne a ciki, da wani dattijo mai furfura zaune a ƙasa, ƙafa ɗaya miƙe, awartaki a hannun hagu. Ya amsa, ya dube ni ya ce: "Mi kaka so, Malam?" Na kwance tsumma na miƙa masa gutsattsarin wuƙata, na faɗa masa gaskiya: ni malamin makaranta ne, ba ni da gadon ƙira, so ne kawai. Na yi zaton za a yi dariya. Ba wanda ya ko murmusa. Ya nuna mini wurin yaron da ke zuga, ya ce: "Zauna nan, ka kama mana wuta, magana ta biyo baya."

Daga baya na gane cewa haka ƙofar take ga kowa. Tun kaka da kakanni, manomin da ya kawo gyaran hauya shi ke zama ya zuga wutar aikinsa, yana zugawa ana hira, yana kuma kallo. Zuga-zugin na fatar akuya ne, baki biyu, a danna ɗaya a ɗaga ɗaya. Na fi rabin sa'a kafin hannuna ya kama, iska ta daina yankewa. Sai a lokacin dattijon ya ɗauki wuƙar ya karkata bakin karayar wajen haske.

"Duba nan, ɗana. Ka ga cikinta kamar tsakin gero? Ƙarhen da ya ji daɗin wuta, in ya karye, cikinsa kamar garin da aka tankaɗe yake. Wannan kai ka ƙona shi. Kana aiki cikin rana ko?"

Na ce e, rumfata a buɗe take ta yamma. Ya ce to shi ke nan. Cikin hasken rana ido ba ya ganin jan ƙarfe sai ya wuce kima, shi ya sa ba ka taɓa ganin maƙera a fili fetal. Abin da na shekara uku ina neman sa, ya fito cikin magana biyu, ko sisi bai nema ba.

Kwana biyu na yi ina zuwa rumfar nan. Duk kayan lambun albasa daga irin waɗannan rumfuna suke fitowa: kwasa, da 'yar ƙaramar fartanya ta cirar haki tsakanin fangali, da dagi, da lauje. Ƙira kuma ba ta tsaya inda kakanni suka bar ta ba. Ƙanen dattijon walda yake yi a can gaba kaɗan, yana haɗa amalanke da ƙyamare da bakin ƙarfen haƙar rijiyar burtsatse ta hannu, irin wadda ta cika kwarin Tarka. Hannun masu sana'a irinsu ne ya ƙera murhun ƙarfe Mai Sauƙi da ya bazu a Nijar cikin shekarun 1980 don rage cin itace, da famfon ban ruwa na takawa da aka raɗa wa suna Niyya da Ƙoƙari. In aiki ya fi ƙarfin wutar gawayi a tura wa mai walda, in mai walda ya ga aikin na bugu ne ya turo wa wansa. Da zan tafi, dattijon ya kwatanta mini wani ƙauye a ƙasar Buza inda ɗan ƙanwarsa yake. Ya ce a wurinsa zan ga yadda ake shayar da wuƙa, don shi ya fi shi hannu a nan. Na jinjina wannan magana, tsoho ya ce yaronsa ya fi shi, a gaban baƙo.

Daga Madawa hanya ta yi arewa, ƙasa ta fara sauya kama. Rairayin Gobir ya ƙare, duwatsu suka karɓa: tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai, baƙaƙe da jajaye, da kwazazzabai da ruwan damina ya yanka. Ba banza aka ce Adar Dutsi ba. Kana cikin wannan ƙeƙasasshiyar ƙasa sai kwarin Majiya ya buɗe a gabanka, layukan bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, jere bibbiyu sun ratsa gonaki iyakar ganinka. Tun 1975 aka fara dasa su, da haɗin gwiwar ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji da mutanen ƙauyuka, don su karya iskar da ke kwashe ƙasar noma. Wani fasinja ya nuna hanyar garin Tama, na ji sunan ya daki kunnena, don tama ita ce dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe.

Mai masaukina, ɗan ƙanwar dattijon, mutum ne da bai wuce shekara arba'in da biyar ba. Da jin sunan kawunsa ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura mai sanyi. Maƙerarsa ita ce majalisar ƙauyen. Nan ake jin wanda ya dawo daga bida, da farashin hatsi, da wanda za a yi wa gayya. Damina ta gabato, hauyoyi da sunguma sun taru a gefe suna jiran gyara. Da yawansu ba a biya nan take ba, sai kaka ta yi mai gona ya aiko da damin gero, kamar yadda aka saba tun dā. Na ga wata tsohuwa ta kawo gatarinta da ya dakushe, ya gyara ya sa masa sabuwar ƙota, ta buɗe bakin zane za ta kwance kuɗi ya ce: "Haba Inna, bar shi, sa mana albarka."

Washegari da safe ya ja ni bayan gari, gindin wani tsauni. Ya duƙa ya ɗebo wasu baƙaƙen dunƙule masu ƙyalli da huji-huji, masu nauyi a hannu. Kashin maƙera ne, abin da ke saura in an narka tama. Wurin cike yake da shi. Ya ce nan kakanninsa ke kafa rahoniyar narka ƙarfe da rani, su haƙo tama, su ƙona gawayi, su kwana suna tsaron wuta, aikin da ba mutum ɗaya ke yin sa ba sai dangi sun taru. Wata Bafaranshiya mai binciken al'adu, Nicole Echard, ta zauna da maƙeran Adar cikin shekarun 1960, ta yi rubutu a kansu, ta kuma ɗauki fim mai suna Noces de feu, wato auren wuta, domin su maƙeran kallon aure da haihuwa suke yi wa narkar tama: a ɗaura wa tanderu aure, ya ɗauki ciki, ya haifi ƙarfe. A lokacin ma aikin ya kusa ƙarewa, don tun zamanin Turawa ƙarfen mota da na kanti ya shigo ya fi na tama araha. Ƙasar Nijar kuwa ta daɗe da sanin ƙarfe. A Termit, can gabas, an tono wuraren narka shi da suka haura shekara 2500. Na sa dunƙule ɗaya a aljihu, da izininsa.

Da la'asar sakaliya ya ce in ƙera wuƙa da hannuna, shi zai zauna ya gani. Ya ba ni guntun sifirin, ya datsa mini da kurfi. Jikan wansa, saurayi ɗan shekara goma sha bakwai, ya kama zuga. Na yi ta bugu har siffa ta fito. Duk lokacin da ja ya gushe na ɗaga guduma, sai ya taɓa mini gwiwar hannu: "Mayar da shi wuta, Malam. Da zafi-zafi ake bugun ƙarhe, in ya huce tsaga kake sa masa a ciki." Da na gama, na miƙa hannu wajen kaskon ruwa, ya girgiza kai. Ya sa na mayar da ita wuta ta yi ja kaɗan, na fitar na riƙe a iska har ta yi baƙi da kanta. Sau uku muka yi haka. Ya ce a bar ƙarfe ya manta da dukan da ya sha kafin a shayar da shi.

Magariba ta kawo jiki, cikin rumfa ya yi duhu, jan wuta ya fito sosai. Saurayin ya zaro wani maganaɗisu da ya ciro daga lasifikar tsohuwar rediyo, ɗaure da waya. A cibiyar koyon sana'a aka nuna musu dabarar, ya kawo ta gida, babban kuma bai raina ta ba. Muddin maganaɗisu na kama ƙarfe, zafi bai kai ba. In ya daina kamawa, wato wajen digiri 770 ke nan, sai a ƙara masa wuta kaɗan a fitar. Muka gwada, ya manne. Aka ƙara zuga, muka sake gwadawa, ya zame kamar an taɓa itace. Launin wuƙar a lokacin bai wuce jan garwashi ba, nesa da ruwan ɗorawar da nake kai ta a gida. "Yanzu!" in ji shi. Na tsoma ta tsaye, tsini a gaba, cikin gwangwanin mai mai ɗumi. Wuta ta ɗan tashi a saman man, hayaƙi ya turnuƙe, na kasa kunne ina jiran ƙyas ɗin nan da na sani. Shiru.

Bai bar ni na yi murna ba tukuna. Ya goga mata magagari, magagari ya zame bai ci ba. Ya ce ta yi ƙarfi, amma ƙarfin kwalba ne, in ta faɗi sai ta fashe. Ya sa na goge gefenta da dutse har ya yi fari, ya ɗora bayanta a kan wani jan ƙarfe da ya ciro daga wuta, kaifin na kallon sama. Muka zuba ido da fitilar hannu. Launi ya fara tasowa daga baya yana rarrafowa: fari ya koma ruwan busasshen kara, na bayansa ya koma ruwan goro, can ƙasa kuma shuɗi kamar wuyan tantabara. Da ruwan kara ya isa bakin kaifi ya ce in tsoma. Baya ya yi laushi mai jure lanƙwasa, baki ya riƙe kaifi. Da safe muka sa mata ƙota, ya aske gashin hannunsa da ita, ya miƙo mini da hannu biyu.

Na tambaye shi ko ba ya tsoron koya wa bare abin da ya gada. Ya ce akwai abin gida da ba a faɗa, irin addu'o'i da maganin ƙuna da iyaye suka bar musu, wannan na 'ya'ya ne. Amma yadda za a ƙera abu ya yi kyau, ɓoye shi zalunci ne, don in wuƙa ta karye a hannun mutum ta yanke shi, sunan ƙira duka ta ɓata. Ya ƙara da cewa cikin 'ya'yansa maza uku, biyu suna Abijan, ɗaya yana Libiya. "In na rufe baki, wa zan bar wa?"

Daga nan na wuce Keita. Wanda ya san labarin wannan ƙasa ba ya kallon tsaunukanta kamar sauran tsaunuka. Bayan farin shekarun 1970, a nan aka kafa babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, shirin abinci na duniya kuma na biyan masu aiki da abinci. Mafi yawan ma'aikatan mata ne, don maza sun tafi bida. Su suka haƙa ramukan tare ruwa a jikin duwatsu, suka jera duwatsu a kan fako, suka cika ragar waya da dutse aka datse kwazazzabai, aka dasa miliyoyin itatuwa. An yi ta yabon injuna da ƙwararru, kuma sun cancanta. Amma diga da ke sarar dutse tun safe har azahar, bakinta ba ya kwana biyu bai mutu ba, kuma maƙerin ƙauye ke tayar da shi. Har yau mai haƙa ramin tassa ko rabin wata a gonarsa ba ya rabuwa da maƙera.

A wani gari tsakanin Keita da Tamaske na ga abin da ya fi komai tsaya mini a rai. Wani matashi ne, ɗan manoma, ya dawo daga bida hannu wofi, ya yi rani guda yana zuga wa maƙera don ya rage zaman banza, abin ya shiga ransa. Ranar da na je ita ce ranar da suka kafa masa wutarsa a zauren gidansu. Wannan ya kawo masaba, wancan ya ƙera masa awartaki, wani ya ba shi aron kan tsohon injin mota ya yi uwar maƙera da shi kafin ya samu tasa. Mai walda ya haɗa masa abin hura wuta da wilin keke da fanka. Babbansu ya zuba masa gawayin farko, aka yi fatiha. Sun kuma sa shi cikin adashin da suke yi don sayen ƙarfe a dunƙule. Kowa na ba shi tasa shawarar: kada ka sa ƙarfen da aka shafa wa farin sinadari a wuta, irin kwanon rufi da bututun ruwa, hayaƙinsa guba ne. Kada ka amince da rodi a aikin kaifi. Kowane ƙarfe a maƙera ka ɗauka da zafi har sai ka tabbatar. Wani maƙerin Buzaye, daga cikin waɗanda ake kira inadan, masu ƙera takobi da zobe da kayan raƙumi, ya zo wucewa ya tsaya, ya nuna masa yadda ake riƙe magagari, a tura gaba a ɗaga, ba a ja da baya. Ni ma da na faɗi abin maganaɗisu da na koyo shekaranjiya, suka saurara, babbansu ya ce a nemo a gwada.

Ba su ɓoye mini damuwarsu ba. Gawayin kirya, wanda ya fi kowanne riƙe wuta, ya yi wuya, kuma su da kansu sun san ƙasar da aka sha wahalar dasa wa itace ba ta sara ba ce. 'Yan jari-bola na kwashe tsohon ƙarfe a manyan motoci, farashin sifirin na hawa. Kayan kanti masu araha sun cika kasuwa, ko da ba sa ƙarko. Amma ban ji ɗayansu ya zagi ɗan'uwansa a sana'a ba.

A Amurka, da ƙira ta kusa mutuwa, wasu masu sonta suka taru a 1973 suka kafa ƙungiyar ABANA, a Ingila ma aka kafa makamanciyarta a 1978. Da yawa cikin 'yan waɗannan ƙungiyoyi likitoci ne da malamai da direbobi masu ƙira don sha'awa, suna biyan kuɗi su yi doguwar tafiya don su ga gwani na aiki. Su sai da zaren ya tsinke suka ɗaura shi. Mu namu bai tsinke ba. Gwanayen suna nan a Madawa da Buza da Keita, da Tamaske da Ibohaman da Garhanga, da bakin kowace kasuwa ta ƙasar Hausa, kuma kuɗin shiga makarantarsu sallama ce da ladabi.

Na dawo Maraɗi ta Tawa, rana ta tara. Abin da na fara yi shi ne rufe yammacin rumfata da zana. Wuƙa uku na ƙera tun daga lokacin, ba wadda ta tsage. Ɗalibaina biyu suna zuwa ranar Lahadi da yardar iyayensu, ina farawa da su daga zuga, kamar yadda aka fara da ni.

Kai da ke son ƙira ba ka gaje ta ba, kada kunya ta tsare ka a bayan gida kana ɓarnar gawayi. Ɗauki abin da ya lalace a hannunka ka kai wa masu abin, ka yi sallama, ka zauna inda aka nuna maka, ka riƙa musu zuga. In za ka koma, ka tafi da goro ko guntun ƙarfe mai kyau, ka sayi hauyarsu ba tare da ka karya musu farashi ba. Abin da aka koya maka kyauta kuma kada ka rufe shi a ciki, ka miƙa wa na bayanka. Ku kuma iyayenmu maƙeran Adar, Allah ya saka muku da alheri, ya raba ku da sharrin wuta da ƙarfe, ya sa a samu masu karɓar masaba daga hannunku.